Kafin A Ba Yaro Goyo, A Gwada Hawansa

Duk wanda ya san ƙasar Kudan da Makarfi da Ikara ya san cewa a yau babur ya gaji jaki, ya gaji keke, har ma ya gaji doki. Shi ke kai manomi fadama da asuba, shi ke fito da kwandon tumatir da buhun barkono da damin rake zuwa bakin hanya, shi ke kai malamin makaranta ƙauyen da aka tura shi, shi ne kuma motar asibitin mai naƙuda idan dare ya tsala. A Hunkuyi, hedkwatar ƙaramar hukumar Kudan, da wuya ka sami gidan da babu mai cin abinci da babur ko mai dogara da shi wajen neman nasa abincin. Saboda haka babu mai hankalin da zai ce a raba talaka da wannan abin hawa. Tambayar da ta kamata mu yi wa kanmu ita ce, wa ya gwada yaron da muke miƙa wa rayukanmu duk safiya, kuma da wane ma'auni aka gwada shi?

Kowa ya san yadda ake zama ɗan acaɓa a garuruwanmu. Yaro ya sami aron babur ɗin wansa ko na maƙwabci, a kai shi filin makaranta da yamma, a nuna masa giya da totur da birki. Ya faɗi sau biyu ko uku, rana ta uku ya iya miƙewa ba tare da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba. Bayan mako guda wani mai hali ya ba shi babur a kan zai riƙa kawo balas kullum, sai ga shi a tasha yana kiran fasinja. Jiya ɗan koyo ne, yau ya goya tsohuwa da jikarta da buhun masara, ya hau hanyar da ta tashi daga Zariya ta ratsa Hunkuyi ta nufi Danja, ko kuma ya ɓulla Tashar Yari ya shiga tsakanin manyan motocin da ke zirga-zirga daga Zariya zuwa Kano. Tsakanin koyon da sana'ar babu ƙofa, babu mai gadi, babu wanda ya ce masa tsaya mu gani.

Domin mai karatu ya gane girman wannan sakaci, bari mu leƙa wurin wasu mutanen da su ma da hawan babur suke cin abinci, watau masu tseren babura na ƙasashen waje. Ana yi musu kallon 'yan ganganci waɗanda suka sayar da rayukansu, alhali kuwa babu wata sana'ar hawa da ta kai tasu tsananin doka a kan wanda za a bari ya shiga.

A Ingila akwai ƙungiyar da ake kira ACU, wadda aka kafa tun shekarar 1903, ita ce ke ba da lasin tsere. Matashin da ke son shiga tsere, ko da ya shekara goma yana hawa a kan titi, sai an gwada idonsa, ya zauna a aji an koya masa dokokin fili da ma'anar tutocin da alƙalai ke ɗagawa, sa'an nan a fita da shi a ga hawansa. In ya ci, lasin ɗan koyo za a ba shi, kuma dole ya sa wata riga mai launin lemo a kan kayansa, domin duk wanda ya biyo bayansa ya san cewa sabon shiga ne, ya yi hattara da shi. Ba zai tuɓe rigar nan ba sai ya tara shaidar alƙalai cewa ya kammala tsere har sau goma a filaye dabam-dabam. Daga nan ya hau mataki na gaba, ya sake tara shaida, har ya kai ga lasin ƙasa. Wanda ke son fita tseren duniya kuwa sai ya sami lasin babbar ƙungiyar duniya, FIM, wadda aka kafa a 1904, kuma take gudanar da gasar zakarun duniya tun 1949.

To, ko bayan mutum ya mallaki lasin, ba a gama da shi ba. A babbar gasar duniya da ake kira MotoGP, inda babur kan wuce gudun kilomita 360 a awa, kafin ranar tsere sai kowane mahayi ya zagaya fili ana auna lokacinsa da agogo. Shekaru da dama doka ita ce kada lokacin mutum ya wuce kashi 107 cikin 100 na lokacin wanda ya fi kowa sauri, daga baya aka ƙara matse ta zuwa kashi 105. Watau idan gwanin gwanaye ya zagaya fili cikin sakan 100, duk wanda ya kasa zagayawa cikin sakan 105 ba zai shiga tsere ba. A shekarar 2023, a filin Misano na ƙasar Italiya, wannan doka ta hau kan Takumi Takahashi, mutumin Japan wanda ya taɓa zama zakaran ƙasarsa, ya kuma ci shahararren tseren awa takwas na Suzuka ba sau ɗaya ba. An kawo shi ya maye gurbin wani mahayin da ya ji rauni, lokacinsa ya gaza ma'auni, aka ce ya koma gefe ya yi kallo. Sunansa da tarihinsa ba su cece shi ba.

Me ya sa ake wannan tsanani? Lissafin a fili yake. Wanda ake ba ratar sakan biyar a kowane zagaye, kafin a yi zagaye ashirin da ɗaya na gaba sun kewayo sun cim masa ta baya. Za su same shi a kwana yana taka birki inda ba su zata ba, yana bin layin da ba su saba ba, su kuwa suna tafe kamar harsashi. Ashe ke nan ba jaruntaka ake aunawa da agogon nan ba. Abin da ake tambaya shi ne, shin wannan mutum zai zama haɗari ga sauran da ke kan hanya ɗaya da shi? In amsa ta zama i, sai a tsai da shi tun kafin a yi jana'iza.

Haka kuma batun shekaru. A 2021 yara uku suka mutu a filayen tsere na Turai cikin 'yan watanni: Jason Dupasquier mai shekara 19 a Mugello ta Italiya, da Hugo Millan mai shekara 14 a Aragon, da Dean Berta Vinales mai shekara 15 a Jerez, duka biyun a ƙasar Sifen. Hukumomin wasan ba su tsaya ga ta'aziyya ba. Suka zauna suka ɗaga mafi ƙarancin shekarun shiga gasar duniya zuwa 18 daga shekarar 2023, suka kuma rage yawan baburan da ake saki a lokaci guda a tseren yara. A tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ayalan, inda ake tsere a kan titunan gari tun 1907, a yau a zagayen da ya haura kilomita 60, kuma inda fiye da mutum 250 suka rasa rayukansu, sabon shiga ba ya fara zagaye shi kaɗai. Sai ya bi bayan wani tsohon hannu wanda zai ƙayyade masa gudu, ya nuna masa kowace kwana.

Yanzu mai karatu ya ajiye waɗannan a gefe guda, ya ajiye namu a ɗaya gefen. Mai tsere shi kaɗai ne a kan baburinsa, da yardarsa ya hau, yana sanye da hular kwano da rigar fata, fili a share yake babu akuya babu rami, likita da motar asibiti suna jira a gefe. Duk da haka sai da aka gwada shi hawa-hawa. Namu yaron yana ɗauke da ran wani, ran da bai san kome game da gwanintarsa ba, kansa babu hula, ƙafarsa silifa, hanya ga ramuka ga shanu ga tirela, asibitin da zai iya ɗinke fasasshen kai kuwa sai an kai Shika. Wanne ne cikin biyun ya fi bukatar gwaji?

Kada a ce ƙasarmu ba ta da doka. Akwai ta. Lasin tuƙi na Nijeriya yana da aji na musamman domin babur, watau aji na A, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba. Jami'an VIO su ke da alhakin gwada mai nema, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa wadda aka kafa a 1988 ƙarƙashin shugabancin Farfesa Wole Soyinka ita ke fitar da katin, ofishin tara kuɗin shiga na jiha ya karɓi kuɗi. Ga kuma hukumar KASTLEA ta Jihar Kaduna a kan tituna. Amma a tsaya a kowace tasha daga Hunkuyi zuwa Ikara a nemi 'yan acaɓa su nuna lasin, za a sha mamaki. Dalili kuwa ba taurin kai kaɗai ba ne. Ofisoshin suna birni, zuwa can yini ne guda ko biyu na asarar balas, takardun da Turanci suke, kuɗin ya fi ƙarfin wanda ke neman na tuwon dare. Doka ta zauna a Kaduna da Zariya, babur yana ƙauye.

Da abin ya yi yawa kuma, maganin da hukumomi suka fi runguma shi ne hani. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006. A watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Kano ta hana goyo a babur a birni da kewaye. A 2014 Gwamna Mukhtar Ramalan Yero ya sa hannu a dokar hana acaɓa a garuruwa irin su Kaduna da Zariya da Kafanchan. A ƙarshen Satumba na 2021 aka sake dakatar da hawan babur a Jihar Kaduna na wani lokaci saboda 'yan bindiga. Yawancin waɗannan matakai don tsaro aka ɗauke su, kuma masu ɗaukarsu suna da hujjarsu. Sai dai dokar hani ba ta taɓa koya wa kowa taka birki ba. In an kori mahayi daga birni, da rashin iyawarsa yake komawa ƙauye. Mun kuma ga yadda ta kaya da dokar hular kwano da aka fara tilastawa ran 1 ga Janairu, 2009, lokacin da wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai. Dokar da aka saukar wa mutane ba tare da an fahimtar da su ba, abin dariya takan koma.

Alhali kuwa ilmin da ake bukata ba mai yawa ba ne, kuma shi ne ke raba rai da mutuwa. Babur da ke gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowane sakan, watau kafin mahayi ya ga yaro ya gitta har hannunsa ya kai ga birki ya riga ya shafe wannan tazara. Idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata ninkawa huɗu yake yi. Mafi yawan ƙarfin tsayawa yana ga birkin gaba, wanda da yawa cikin yaranmu ke tsoron taɓawa domin ba a koya musu yadda ake matsa shi a hankali ba. Goyon mutum biyu da buhu yana ƙara nisan tsayawa, yana kuma sauƙaƙa gaban babur har ya riƙa rawa. Direban tirela ba ya ganin wanda ya manne a gefensa ko a gindinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanyoyi kowace shekara, ta daɗe tana bayyana cewa hular kwano mai kyau tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, na mummunan rauni a ka kuwa da kusan kashi 70. Duk wannan karatun kwana uku ne, da Hausa, a gindin bishiya.

Saboda haka ga shawarar da nake ba hukuma, kuma daga tsarin masu tsere na aro ta.

Da farko, a kai gwaji inda mahaya suke. A sa rana guda a wata, jami'an VIO da na Hukumar Kiyaye Haɗurra su sauka a Hunkuyi, wata rana a Makarfi, wata a Ikara, a filin ƙwallo ko harabar sakatariya. A gwada ido. A yi tambayoyin alamomin hanya da baki, da Hausa, don kada rashin boko ya zama shinge. Makarantar Koyon Fasahar Sufuri ta Ƙasa, NITT, wadda aka kafa a 1986, tana nan a hanyar Basawa a Zariya, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba daga Hunkuyi. Me zai hana ƙananan hukumomin nan uku su nemi ta horar musu da masu koyarwa daga cikin tsofaffin 'yan acaɓa?

Na biyu, mu ma mu sami namu ma'aunin, wanda ba ya sanin ɗan wane. Su can suna auna sauri domin sauri ne aikinsu. Aikin ɗan acaɓa shi ne ya sauke fasinja lafiya, don haka tsayawa za a auna. A ja layi a ƙasa, mahayi ya taho da gudun da aka ƙayyade da buhun yashi a bayansa, ya tsaya cik kafin layi na biyu ba tare da taya ta ja ƙasa ba. A jera duwatsu ya ratsa tsakaninsu a hankali ƙafarsa ba ta sauka ba. Ya yi kwana, ya duba madubi, ya ba da sigina. Wanda ya tsallake layi ya faɗi, ya dawo wata mai zuwa. A yi abin a bainar jama'a, gaban shugabannin tasha da wakilin hakimi, domin abin da idon mutane ya gani yana da wuyar saye.

Na uku, a yi matakai. Wanda ya ci gwajin farko ya sa riga mai launi na dabam na tsawon wata shida, ya ɗauki kaya amma kada ya goyi mutum. In ya cika wa'adin ba tare da haɗari ba, shugaban tasharsa ya sa masa hannu, a sake gwada shi, sa'an nan a ba shi riga mai lamba. Ƙungiyoyin 'yan acaɓa irin su ACOMORAN suna karɓar kuɗin tikiti kowace rana, ya kamata su ɗauki wannan nauyi. Ba sai an je Turai za a ga irin wannan ba. A Kigali, babban birnin Ruwanda, ɗan acaɓa yana sanye da riga mai lamba, yana da hularsa, yana kuma riƙe da ta fasinja.

Na huɗu, a kama mai babur tare da mahayi. Duk wanda ya ba yaron da bai kai shekara 18 ba, ko wanda ba shi da lasin, babur don ya kawo masa balas, to ya zama abokin tarayya cikin duk abin da ya biyo baya. Haka 'yan siyasar da ke rabon babura da sunan tallafi. Kyauta ce mai kyau, amma a haɗa ta da hula biyu da kuɗin gwaji, kada a miƙa makulli sai an ga lasin.

Na biyar, a tuna da samarin da jininsu ke tafasa. Mun san yadda ake yi ranar kai amarya ko ranar Salla, a sake hannu, a ɗaga taya, a kwanta a kan babur a tsakiyar gari. Son nuna bajinta ba sabon abu ba ne a ƙasar Zazzau, kakanninmu da dawaki suka yi nasu. Amma su fili suke warewa don sukuwa, kuma ba a ɗora yaro a kan ingarma sai ya daɗe yana kilisa. A ware wa samari fili a bayan gari, da dokoki da hula da alƙalai, wanda ya fi iya sarrafa babur a ba shi kyauta. Wanda ya yi wasa a kan titi kuwa a karɓe rigarsa.

Na san za a ce talauci ne ya kai yaran nan ga acaɓa, sa musu sharaɗi ƙarin wahala ne. Gaskiya ne sana'ar ta yaɗu ne tun daga shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya tsuke, ayyuka suka yi ƙaranci. Amma a tambayi gidan da ɗansu ya kwanta wata shida a wurin mai ɗori, ko aka kai shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, nawa suka kashe, kuma gonar wa aka jinginar. Rigakafi ya fi magani. Abin da ya wajaba shi ne kuɗin gwajin ya zama kaɗan, a kuma yarda a biya shi kashi-kashi. Za a kuma ce sabuwar doka sabuwar hanyar karɓar na goro ce. Wannan tsoro yana da tushe, shi ya sa na ce a yi gwajin a fili, a kuma ba da shekara guda ta koyarwa kafin a fara kamu. Masu cewa mutanen karkara ba za su koya ba kuwa, a tuna musu da ran 2 ga Afrilu, 1972, ranar da ƙasar nan baki ɗaya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama. An daɗe ana shela a rediyo da kasuwanni kafin ranar, kuma mutane suka koya.

Kira na musamman ga ma'aikatan gwamnati. Dattawan cikinku suna tune da 1975, lokacin da kuɗin Udoji ya fito, akawu da malamin makaranta suka sayi Honda da Vespa, babur yana alamar mutunci. Yau takardun da za su dawo masa da wannan mutunci a kan teburanku suke. Jami'in da ya sa hannu a lasin mutumin da bai gwada ba ya sani cewa wata rana ɗansa ko mahaifiyarsa na iya hawa bayan wannan mahayi. Lasin da aka saya ya fi rashin lasin muni, domin yana sa fasinja ya saki jiki.

Ku kuma ɗalibai, ku ne kuka fi kowa hawa acaɓa, da yawanku ma da ita kuke biyan kuɗin makaranta lokacin hutu. Ku fara da kanku. Ku ƙi hawa uku a babur ɗaya, ku ce wa mai gudu ya rage ko ya sauke ku, ƙungiyoyinku na ɗaliban Kudan da Makarfi da Ikara su ɗauki nauyin fassara alamomin hanya su kai tashoshi.

Mutanen da sana'arsu gudu ce sun yarda a tsai da zakara a bakin fili saboda 'yan sakan. Mu da sana'ar yaranmu ɗaukar rayuka ce, bai kamata mu kasa jan layi biyu a filin makaranta ba. Shugabannin ƙananan hukumomin Kudan da Makarfi da Ikara suna da ikon fara wannan tun bana, ba sai sun jira umarni daga Abuja ba. Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace.